Abubuwan Mamaki a Taƙaice: Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano

Kano ba ta bakin teku, ba ta bakin tafki, amma ta yi shekaru fiye da hamsin tana aika kaya Turai kamar mai tashar jiragen ruwa. Sirrin yana nan tsakanin Fagge da Sabon Gari, inda layin dogo ya iso a 1911.

Abu na farko, layin da ya fara isowa ba daga Legas ya taso ba. Daga Baro aka shimfiɗo shi, wani gari a bakin kogin Neja, tun daga 1907, zamanin Gwamna Girouard, ɗan Kanada wanda dama injiniyan reluwe ne. Sai a 1912 aka haɗe shi da na Legas a Minna. Ko bayan haɗewar, kafin a gama gadar Jebba, a kan jirgin ruwa ake ɗora taragu a tsallakar da su kogi. Wato jirgin ƙasa ma sai da ya yi fito.

Babban abin dariyar kuwa, don auduga Turawa suka yi wannan wahala. Masaƙun Ingila na neman kaɗa, an kuma tabbatar musu ƙasar Kano za ta wadace su. Manoma suka duba, suka ga masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa ga kuɗin haraji a hannu, in shekara ta yi tsanani kuma a ci abar. A daidai lokacin masana'antun Turai na rububin man gyaɗa don yin bota da sabulu. Fataken goro, waɗanda suka san kowane lungu, suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi suna kama hannun manoma. Jaki da raƙumi suka yi ta kwararowa tasha da buhuna har reluwe ta rasa taragun ɗauka. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta kai kimanin tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba. Ni dai a ganina, manomin Kano ya fi duk masanan Ingila iya lissafi a wannan karon.

Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta, asalinta jiran jirgi ne. Kaya sun fi ƙarfin taragu, sai 'yan dako su riƙa jera buhu kan buhu, suna hawa da shi a ka, har dala guda ta ci buhu kusan 15,000, a lulluɓe ta da tamfol saboda damina. Ana danganta fara ta da Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda ya fara da fataucin goro a Gwanja. Shi ne kuma ake ba da labarin ya kai kuɗin azurfa a kan raƙuma 20 ranar da ya buɗe ajiya a bankin Turawa a 1929.

Fagge ta girmi tashar nesa ba kusa ba, zangon ayarin Azbinawa ne. Jirgi ya kashe fataucin Sahara zuwa Tarabulus, ya kuma kawo Kwarori da kantunansu, inda Kantin Kwari take a yau. Sabon Gari kuwa ɗiyar tasha ce: a 1913 aka yanke ta don akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu.

A 1930 layin ya zarce zuwa Nguru. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka haɗu da zuwan kuɗin fetur, dala ta ɓace.

An farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, tafiyar sama da kilomita 1,100 da ke cin yini da kwana har da ɗoriya, a kan siririn layin nan na zamanin Sarkin Kano Abbas. A 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin sabon layi mai faɗi daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina.