Zaren Roba: Abin da Ya Kamata 'Yan Kasuwa da Teloli Su Sani

MUBI, Jihar Adamawa — A shagunan ɗinki na unguwar Sabon Layi, kamar sauran sassan garin Mubi, zaren roba ya zama abin da tela ba ya rabuwa da shi, musamman wajen ɗinkin fuskar hijabi, ƙugun wandon yara da hannun rigunan mata. Kasancewar garin kusa da iyakar Kamaru, kayan da aka ɗinka a nan kan kai har kasuwannin ƙetare, saboda haka ingancinsu lamari ne na kare suna da jari.

Asalin irin wannan zare, wanda ake kira sifandes, wani masanin kimiyya ne mai suna Joseph Shivers ya ƙirƙiro shi a kamfanin DuPont na Amurka a shekarar 1958, aka kuma sayar da shi da sunan Lycra. Daga sinadaran man fetur ake yin sa. Yana iya miƙewa har ninki biyar na tsawonsa, sa'an nan ya koma yadda yake. Ya fi robar itace jure gumi da man shafawa, kuma galibi akan naɗe shi da auduga ko nailan don ya ƙara ƙwari.

Sai dai yana da abokan gaba guda biyu: zafi da bilic. Dutsen guga mai zafi sosai yana kashe shi, haka ma ajiya a rana ko ƙarƙashin rufin kwano a watannin bazara. Ɗan kasuwar da ya tara kaya masu yawa a irin wannan wuri yana iya tarar da zaren ya saki kafin ya sayar.

A yau ƙasar Sin ce ta fi kowace ƙasa sarrafa shi, kuma daga waje ake shigo da shi Nijeriya. Tun bayan sakin farashin naira a watan Yunin 2023, kuɗin sarin kayan waje ya tashi, don haka asarar kowane ƙunshi ta ƙara nauyi.

Ya kyautu mai sari ya ja zaren ya gani ko zai koma daidai kafin ya biya, ya sayi gwargwadon abin da zai ƙare da wuri, ya kuma adana shi a inuwa. Shi kuwa tela, da hannu zai naɗa shi a matsayin zaren ƙasa ba tare da ja ba, ya ƙara tsawon taku a keke, kana ya gargaɗi mai kaya game da wanki da guga.