Sayen Jif Kamar Sayen San Huɗa Ne

Wata Lahadi, saura 'yan makonni damina ta faɗi, na raka kawuna kasuwar Mai'adua zai sayi san huɗa. Ɗaya daga cikin biyun da yake noma da su ya tsufa, ana neman wanda za a haɗa da ɗayan a karkiya. Dillali ya jawo wani fari tas, mai tozo, jiki sai sheƙi. Ni da nake tsaye a gefe har na ce a raina an gama ciniki. Kawu bai ko kalli tozon ba. Ya sa aka riƙe masa kan, ya buɗe bakin ya ƙirga haƙora, ya sunkuya ya duba kofato ɗaya bayan ɗaya, ya sa yaro ya ja shi ya je ya dawo yana lura da yadda yake sauke ƙafafun baya. Sannan ya tambayi da me aka yi kiwonsa. Da aka ce na turke ne, dusa da harawa ya sani, sai ya yi wa dillali godiya muka wuce. A hanya ya ce mini: "Ɗana, wancan na mahauta ne. In na kai shi gida kara da ƙaiƙayi zai ci, kafin a yi noman farko ya zube."

Wannan rana ce ta faɗo mini a rai lokacin da yayana ya kira ni shawara. Iyalinsa sun yi yawa ga ƙaramar motarsa. Aikinsa a Katsina, gida a Daura, surukai a wani ƙauye can bayan Baure inda kwalta take ƙarewa yashi ya karɓa. Yana son jif ta iyali, irin matsakaiciyar nan. Ba irin Land Cruiser ko Prado ba, waɗanda ake ɗora gangar jikinsu a kan shasi mai kauri kamar na a-kori-kura. Yana nufin wadda aka gina a kan tsarin ƙaramar mota, jiki da ƙashi a haɗe, sai dai an ɗaga ta daga ƙasa an faɗaɗa cikinta. Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995, daga nan irinsu suka cika duniya, domin suna da sauƙin shan mai fiye da manyan, kuma cikinsu ba ya dukan ƙasa a hanyar ƙauye.

Tambayarsa ita ce wadda masu hali da yawa suke yi yanzu: ya sayi 'yar Kwatano, ko ya ƙara haƙuri ya tara ya sayi sabuwa haɗin gida? Haɗin gidan kuwa akwai shi. Kamfanin Innoson na Innocent Chukwuma yana Nnewi ta jihar Anambra, an buɗe masana'antarsa a 2010, yana da jif irin su G5. A Kaduna, kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a 2022, cikinsu har da 3008 da kuma 5008 mai kujera bakwai. A Legas akwai Nord.

Na ce masa: Yaya, mu fara da haƙora, kamar yadda Kawu yake yi.

Duk gardamar da nake ji a majalisa, ta waje ce ta fi ko ta gida, ana yin ta ne kamar an ɗaure shanu biyu sa'annin juna. Alhali ba sa'anni ba ne. Ta wajen da mutumin Daura yake iya saya ba sabuwa ba ce. Ta yi shekara goma ko fiye a hannun wani a Amurka ko Kanada ko Turai kafin ta hau jirgin ruwa. In daga Amurka ta fito, lambar tafiyarta da mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi, don haka 150,000 da ka gani a allo kusan kilomita 240,000 ke nan, in ma ba a juya lambar baya ba. A yankunan da ake dusar ƙanƙara gishiri suke watsawa a titi, gishirin nan kuma cin ƙarfen ƙasan mota yake yi a hankali. Wasu kuma daga wurin gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya ake sayo su, a buga, a fesa fenti, su fito suna sheƙi kamar farin san nan na Mai'adua.

Na taɓa sayen irin wannan. Wata biyu da sayenta, muna dawowa daga Kano da yara, mun wuce Kazaure, fitilun allo suka kunna kansu gaba ɗaya, giya ta ƙi sauyawa. Da aka jawo ta gareji, makanikena bai fara da inji ba. Ya kwance kujerar gaba ya ɗaga kafet, ya sa yatsa ya lakato wani busasshen laka mai launin toka, ya nuna mini bakin wayoyin da suka yi kore. Ya ce: "Alhaji, wannan ta kwana a ruwa. Wannan lakar ba ta ƙasarmu ba ce." Tun daga ranar ba na bari wani nawa ya biya kuɗin mota sai an ɗaga kafet, an shiga ƙarƙashinta da tocila, an kuma binciki lambar shasinta, mai harufa da lambobi 17, don a ga tarihinta. Takardun kwastan ma sai an tantance su. A Janairun 2017 gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, mu kuma da muke zaune a bakin Kongolam mun san yawan shingen da mai mota yake wucewa.

A wannan fannin sabuwar gida ta yi gaba, ba gardama. Kai ne farkon wanda zai murza mata makulli, ba ta da ɓoyayyen ciwo daga wani gida, kuma akwai garanti a rubuce. Abin da yake tsayar da mutane kuɗi ne. Sabuwar jif tana ninka 'yar Kwatano, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, komai ya yi tsalle. Bashin banki na da ruwa mai nauyi, ga mutanenmu da yawa ba sa kusantar riba ko da an rage.

Sai maganar ci. Motar da za ta zauna a masarautar Daura abincinta sananne ne: ƙurar hunturu da take toshe matatar iska cikin 'yan makonni, zafin bazara da yake haura digiri 40, fetur ɗin 'yan bumburutu in dare ya yi maka a hanyar Zango, da baƙin mai na awo wanda ba ka san abin da aka zuba a galan ɗin ba. Injinan zamani ƙanana masu tabo (turbo), ko a ina aka haɗa su, suna da ƙarfi da tsimin mai, amma na turke ne. Suna son baƙin mai na ainihi mai lambar da kamfani ya rubuta, a juye a kan lokaci. Wanda zai iya ba su wannan zai ji daɗinsu. Tsofaffin injinan Toyota da Honda masu lita biyu da ɗoriya, marasa tabo, sun fi haƙuri da sakacinmu, shi ya sa suka yi suna. Ba ina cewa a ci gaba da sakacin ba ne. Ina cewa mutum ya san kansa kafin ya zaɓi abin da zai ɗaure a gidansa.

Amma inda na fi daɗewa da Yaya shi ne a kan abin da Kawu yake faɗa duk lokacin da aka yi masa tallan shanun Turawa masu yawan nono. Ba ya musun nonon. Tambayarsa ɗaya ce: in ta kwanta da daddare, wa ya san ciwonta a garin nan? Bunaji ko Rahaji in ta ƙi kiwo, kowane Bafulatani a gefen gari zai duba ta ya gaya maka abin da yake damunta. Baƙuwa kuwa sai ka nemo likita daga birni.

A nan ne maganar gida da waje take juyewa. Dubi darbejiyar da take ƙofar kowane gida a Daura, wadda muke shan inuwarta muna tsinkar ganyenta don zazzaɓi. Asalinta daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, amma yau wa zai ce mata baƙuwa? Haka RAV4 da Highlander da CR-V suka zama. An ƙera su a wata duniya, amma yaron gareji ɗan shekara goma sha biyar ya san kukan boris ɗinsu daga nesa. In famfon mai ya mutu da safe, makanike zai buga waya kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a ba direban haya, kafin la'asar ya iso tasha. Akwai sabo, akwai na Beljiyam, akwai mai araha, kowa da ƙarfin aljihunsa. Sabuwar jif haɗin gida kuwa, ko da ingancinta ya kai inda ya kai, ba ta da yawa a titunanmu tukuna. Galibinsu a hannun hukuma suke, sojoji da 'yan sanda da ma'aikatu. Abin da ba shi da yawa ɗan kasuwa ba ya ajiye kayansa a shago, makanike kuma bai kwance shi sau ɗari ba balle hannunsa ya saba. Kaduna tafiyar rabin wuni ce daga nan, Nnewi kuwa tana can kudu mai nisa. Mai iyali da matarsa take naƙuda a ƙauye ba garanti yake nema a wannan daren ba, wanda zai tashi motar yake nema.

Kuma kada wani ya ce mini motar gida ba za ta taɓa samun wannan gata ba, domin ta taɓa samu, da idona na gani. Masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma 504 ɗin da take fitarwa, Fijo a bakinmu, ita ce motar hakimi, ita ce ta alƙali, ita ce ta haya daga Daura zuwa Kano. Doguwar nan mai layin kujeru uku ita ce jif ɗin iyali ta wancan zamani: a cika ta da mata da yara da kwanukan tuwo a zo kallon hawan Sallar Gani, a koma ƙauye cikin yashi ba ta yi gardama ba. An gyara ta don zafinmu da hanyoyinmu, kuma ba garin da za ka shiga ka rasa mai gyaranta. A lokacin muna da Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, muna da masana'antun taya. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yar Kwatano ta samu ƙofa. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a 2008. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, da aka fara ginawa tun 1979, har yau bai ba masu ƙera mota faranti ba. Shi ya sa haɗin gida na yanzu ya fi kama da ɗinkin telanmu a kan shaddar waje: hannun namu ne, amma inji da giya da kayan lantarki da dala ake sayo su.

Duk da haka zuciyata tana tare da telan. Kowace jif da aka haɗa a Kaduna albashin wani ɗan ƙasa ce, kuma hannun da ya fara da ɗaura noti shi ne wata rana zai ƙera. Abin da yake ci mini rai shi ne masu iko sun san hanyar da Fijo ta bi ta shiga kowane gari: gwamnati ce ta saye ta da yawa, ta ba ma'aikata bashin mota, har ta cika titi, kayan gyara suka biyo ta. A 2017 an sa hannu a kan umarnin da ya ce hukumomi su fifita kayan gida wajen saye, amma a 2023 'yan majalisar tarayya jif-jif na waje suka saya wa kansu. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a nan Daura, ga yaranmu cike da garejoji suna neman sana'a. Me zai hana kamfanonin nan su ɗauki makanikai daga Daura da Sandamu da Mai'adua su koya musu motocinsu, su ba su na'urar gwajin ƙwaƙwalwar mota, su buɗe shagon kaya ko da a Katsina ne? Wannan ya fi musu kowane talla a rediyo.

Yaya dai 'yar Kwatano ya saya, bayan mun mayar da biyu saboda tsatsa a ƙarƙashi. Ban ga laifinsa ba, kuɗinsa iya nan suka kai, kuma hanyar surukansa ba ta jiran kowa. Ranar da muka kai ta juyen farko, na tambayi makanikena ko zai karɓi jif haɗin gida in wani ya kawo masa. Yana kwance a ƙarƙashin mota, ya turo kansa waje, ya goge hannu da tsumma. Ya ce: "Alhaji, ubangidana a kan Fijo ya koya mini aiki, Toyota da rana tsaka na koye ta. Su kawo mini guda ɗaya in kwance in ɗaura sau biyu, su kuma gaya mini shagon da zan aika yaro." Ya miƙa wa yaron sifana mai lamba 14, ya koma ƙarƙashi.