Ko Ka Sani? Motar Sojan da Ba Ta Zaɓen Mai

Duk direban da ya san abin da yake yi ya san zuba fetur a tankin motar gas ganganci ne. In an yi sa'a a zubar da man a wanke tanki, in ba a yi ba sai a kwana a gareji. To akwai wata babbar motar kaya ta sojojin Amurka, M35A2, wadda aka ƙera injinta da gangan don ya taka wannan doka. Gas ne, kananzir ne, man jiragen jet ne, man ɗumama gidaje ne, kai har fetur in ta kama dole, duk sha take yi ta kama hanya. Kamfanin REO ne ya zana asalin motar a 1949, tayoyinta goma, tana ɗaukar tan biyu da rabi a daji, ninkin haka a kan kwalta. Sojoji sun daɗe da sallamar ta, ana sayar da ita a gwanjon gwamnati, fararen hula kuma suna saye su gyara su riƙe don sha'awa kawai. A ganina ba girmanta ko koren fentinta ne ya raya ta a hannun waɗannan mutane ba. Injin ne, da tunanin da ya haife shi, wato cewa a ranar tsanani ba lallai ka samu man da kake so ba.

Injin gas ba shi da fulogi. Fistan ne ke matse iska har ta yi zafi, a fesa mai a cikinta, ya kama da kansa. Shi kuwa fetur an tace shi ne don ya ƙi kamawa sai tartsatsi ya taɓa shi, shi ya sa in ya shiga injin gas yakan yi jinkiri, ya taru, sannan ya fashe gaba ɗaya ya doki fistan. Wani injiniyan kamfanin MAN na Jamus, Siegfried Meurer, ya ɓullo wa lamarin ta inda ba a zata ba a shekarun 1950. Kowa a lokacin ƙoƙari yake kada mai ya taɓa ƙarfe a cikin inji, shi kuma ya ce a fesa shi a jikin ƙarfen. Ya yi rami mai siffar ƙwallo a kan fistan, aka karkata bakin feshin yadda mafi yawan man zai shafu a bangon ramin, ɗan kaɗan ne kawai ke shiga iska ya kunna wuta. Daga nan zafi ya riƙa tashin wanda ya shafu sannu a hankali, iskar da ke juyawa a ramin tana kwasarsa tana kai wa wutar, kamar mai tura itace a murhu ɗaya bayan ɗaya maimakon ya jibga dami. Tunda man ba ya ƙonewa lokaci guda, halinsa bai cika damun injin ba. Kamfanin Continental na Amurka ya ɗauki wannan dabara ya gina injin LDT-465 mai silinda 6 da faɗin lita 7.8, wanda ke matse iska ninki 22. An ma ƙara wa famfon man wata 'yar na'ura da ke jin kaurin abin da ke tanki, in ya tsinke ta ƙara yawan da ake fesawa don kada ƙarfi ya ragu.

Dalilin wannan wahala yana cikin tarihin yaƙi. A 1944, bayan sojojin ƙawance sun sauka Normandi, abin da ya rage musu gudu shi ne ƙarancin mai, har aka haɗa jerin motoci kusan 6,000 da aka kira Red Ball Express, yawancin direbobinsu baƙaƙen fata, suna jigilar mai da harsashi dare da rana. Da Yaƙin Cacar Baka ya kankama, masu tsara yaƙi suka so motar da direbanta zai tsaya duk inda ya ga mai ya cika tanki ba tare da tambaya ba.

Mai ja zai ce, in abin na da kyau haka me ya sa sojojin suka watsar? Tambaya ce mai tushe. Injin bai wuce ƙarfin doki 134 ba, ga motar da nauyinta ya kusa tan 6 ba kaya, gudunta kuma bai cika haura kilomita 90 a awa ba. Yana hayaƙi, har ma turbo ɗin da aka sa masa don rage hayaƙin aka sa shi fiye da ƙara ƙarfi. Fetur kuma ba ya santsi, yana cinye famfon mai, shi ya sa ake zuba masa ɗan baƙin mai mai tsabta. Amma sojojin ba su ce dabarar ta gaza ba, matsalar ce suka warware ta wata hanya: ƙungiyar NATO ta koma tsarin mai guda, wato man jet iri ɗaya ga jirgi da tankar yaƙi da mota. Da aka sabunta wasu motocin a shekarun 1990 zuwa M35A3, sai aka sa musu injin Caterpillar da giya mai canza kanta. Rundunar da ke da jiragen dakon mai tana iya dogara da mai guda. Mutum ɗaya a bayan gidansa ba shi da wannan gata, don haka abin da ya zama kaya ga soja shi ne ya dace da shi. Babu kwamfuta a jikin injin, famfonsa na ƙarfe ne zalla, littattafan gyaran da sojoji suka rubuta wa matasan kurata suna nan kyauta, mataki bayan mataki. Ƙungiyar masu adana motocin soja ta MVPA, wadda aka kafa a 1976, ta taɓa jera tsofaffin motoci a 2009 daga Washinton zuwa San Faransisko, bin sawun wani ayarin motocin soja da ya yi irin wannan tafiya a 1919.

Akwai kuma masu cewa ai riba ce, tunda wasu na tace baƙin man da aka juye daga wasu motoci, ko man suyar da gidajen abinci suka gama da shi, su gauraya da gas su zuba. Gaskiya ne tana sha. Sai dai wanda ya sayi wannan mota don tsimin kuɗin mai ya yi lissafin dokin rano. Tankinta lita 190 ne kuma ba ya jimawa, baƙin man da ba a tace sosai ba yana toshe matata ya ci bakin feshi, ga tayoyi goma da batir biyu suna jiran canji. Sitiyarinta na ƙarfin damtse ne. Birkinta layi ɗaya ne, in bututu guda ya fashe duka ƙafafun sun rasa birki, shi ya sa masu hankali a cikinsu ke fara aiki daga birki kafin su taɓa fenti. Abin da suke saye da kuɗinsu shi ne injin da za su iya buɗewa su gane.

Ita kanta na'urar nan mai jin kaurin mai ba ta tsira daga hannunsu ba. In ta tsufa takan riƙa zubar da gas cikin baƙin man inji ya tsinke, wanda kan iya kashe injin, don haka da yawa daga masu motar suna kewaye ta da bututu su bar ta zaune ba aiki. Injin kuma bai fasa shan kananzir da sauran ba, ƙarfinsa ne kawai ke ɗan raguwa in man ya cika tsinkewa, domin ainihin aikin ramin kan fistan ne ke yin sa.