Kada Mu Yar da Rediyo Don Ya Fara Gurnani

Daga Yako zuwa Bebeji, Tudun Wada har Doguwa, da wuya a sami gidan manomi da babu akwatin rediyo. Ta wurinsa muke jin labarin saukar damina, da farashin masara, da ranar rabon taki. Amma in rediyo ko amfilifaya ya kwana biyu, sai murya ta shaƙe, ko ya riƙa gurnani kamar injin niƙa. Sai mu tura shi ƙarƙashin gado, mu sayar da hatsi mu sayo sabo. Wannan hasara ce.

Sau da yawa laifin na wani ɗan abu ne da masu gyara suke kira kafasita. Kamar ɗan gwangwani yake, mai ƙafa biyu. Aikinsa irin na randa ne: yana tara wuta, yana sakinta a hankali domin murya ta fito garau. A cikinsa akwai takarda jiƙe da ruwan magani, zafi kuwa yana busar da ita. Masu ƙera shi sun ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana cinye rabin kwanansa. To, mu tuna da zafin watan Afrilu a ɗakin kwano.

In za mu kai gyara, ko a Kwanar Dangora ko a Sabon Gari cikin Kano, sai mu lura da waɗannan:

1. Kafasitan da kansa ya kumbura, ko yana tsiyaya, ya mutu.
2. Lambar µF ta sabon ta zama daidai da ta tsohon. Lambar V tana iya fi, amma kada ta kasa.
3. Mu nemi mai lamba 105°C, gama ya fi mai 85°C jimrewa da zafi.
4. Ƙafar da ke gefen zane ita ce ta (–). In an liƙa shi a juye, yana iya fashewa.
5. Manyan kafasita na amfilifaya suna riƙe wuta ko bayan an zare waya. Kada yara su buɗe.

Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta tattara rediyoyin 'ya'yanta da suka yi shiru, a aiki mutum ɗaya da su tun kafin ruwan shuka. Kuɗin mota ɗaya ya isa kowa. Da tsohuwar zuma ake magani.