Masu Farin Jini a Wurin Sauro

Bahaushe ya ce jini ba ya maganin ƙishirwa, kuma ko a wurin sauro haka zancen yake. Namijin bai taɓa cizon kowa ba, ruwan furanni yake tsotsa har ya mutu. Macen ma da shi take rayuwa. Jinin na ƙwai ne: sai ta sha shi ƙwanta ke ƙosawa, ta nemi kwantaccen ruwa ta zuba. Shi ya sa ba ta rabo da Kalgo ta Jihar Kebbi. Fadamar da ke ba da shinkafa ita ke ba da kududdufi, kuma in da ɗumi, cikin kamar kwana 10 ƙwai ya zama sauro mai fiffike.

Sai dai tana da zaɓe. Wa da ƙane su kwana a tabarma ɗaya a tsakar gida, gari ya waye ƙanen garau, wan kuwa jiki duk ya yi rudu-rudu. Sai tsokana ta tashi: "Yaya, ai jininka ne ke da zaƙi." To, ruwa ba ya tsami banza, amma ba jinin ba ne, don tun kafin ta ɗanɗana ta riga ta zaɓa. Iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi take fara bi tun daga nesa, mai babban jiki kuwa ya fi fitar da ita. Da ta matso, sai ɗumin jiki da warin fata su ƙarasa yi mata jagora.

A warin nan asirin yake. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2022, Leslie Vosshall da abokan aikinta na Jami'ar Rockefeller a Amurka sun sa mutane ɗaura safar nailan a hannu, sannan suka ajiye wa sauro safunan ya zaɓa. Akwai wanda tasa ta ja sauro ninki 100 a kan ta wani. Masu farin jinin nan fatarsu ta fi fitar da wasu sinadarai masu tsami da ke cikin maiƙon jiki, kuma da aka sake gwada su bayan shekaru, ba su sauya ba. Irin sauron da ke kawo maleriya kuwa, ƙafa ce abar ƙaunarsa. Masu bincike a ƙasar Holan sun wanke wa mutum ƙafafu da sabulu, sai sauron ya bar ƙafar ya watsu a sauran jiki. Bai dai fasa cizo ba.

A Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ba sai an koya wa almajiri girman wannan ɗan ƙwaro ba. Ya ji ambatonsa a Suratul Baƙara, ya kuma ji ƙissar Lamarudu, sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim. Sauro ɗaya tak aka ce ya shige masa hanci ya zauna a ƙwaƙwalwa, har ya zama ba ya samun sauƙi sai bayinsa na dukan kansa. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Inda raha ke ƙarewa shi ne in aka dubi waɗanda macen sauro ta fi bi. A Gambiya, a shekarar 2000, an gano mai juna biyu na jan sauro kusan ninki biyu na wadda ba ta da ciki, saboda numfashinta ya ƙaru, jikinta ya fi ɗumi. A Kenya kuma, a 2005, aka ga yaron da ƙwayar maleriya ta kai matakin yaɗuwa a jininsa ya fi sauran yara jan sauro, da aka yi masa magani sai abin ya gushe. Wato cutar da kanta ke sauya warin yaro don ta kira mai ɗaukarta zuwa gida na gaba. A ganina, in gidan sauro ɗaya ne a gida, ba na maigida ba ne, na mai ciki ne da yaron da ke zazzaɓi. Hayaƙin ɗaɗɗoya da ɓawon lemu na korar sauro na ɗan lokaci, amma kafin tsakar dare ya mutu, daidai lokacin da mai kawo zazzaɓin ke fitowa aiki.

Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi na ɗauke da ƙwayar maleriya, babu jihar da ta kai ta. Saboda haka ne aka fara allurar rigakafin maleriya ta R21 a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. Tun yaro na wata 5 ake fara ta, kuma sai an kai shi sau huɗu take cika.