Kukan Ɗalibai Mata Kan Auren Wuri

 Yau zancen ɗiya mace za mu yi.

A Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi akwai ƴan mata masu karatu mai zurfi. Babban kukansu shi ne, aure yana fidda ƙannensu na ƙauye daga lakkol. Ba ƙarya suke ba. Binciken 2012 ya nuna cikin matasan mata 100 a Nijar, 76 an aurar da su kafin shekara 18. A jihar Maraɗi kuwa 89 ne.

Yarinyar da ta ɗauki ciki ƙugunta bai ƙosa ba, naƙuda tana iya daɗewa har ta bar ta da yoyon fitsari. Ungozoma ta san wannan.

Ɗaliban ba aure suke ƙi ba. Cewa suke a jinkirta, kuma a tambayi yarinya. Wasu iyaye abin kunya suke gudu. Tsoron ba na banza ba ne, amma a ganina fidda yarinya daga aji ba shi ne maganinsa ba.

Kukan mata ba yau ya soma ba. Ran 13 ga Mayu 1991 sun yi maci a Yamai, don mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa. A 2017 gwamnati ta fidda dokar kare ɗiya mace mai karatu. A 2019 kuma aka yarda wadda ta yi aure ko ta haihu ta ci gaba da karatunta. Mai ɗiya irin wannan, ya je ya ga diraktan lakkol.