Alƙiblar Rubutu da Jinyar Wanda Ya Rasa Rabin Gani

Yaron Bazaga, kamar takwarorinsa na Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, yakan wayi gari da allo a hannu yana bin haruffan Alƙur'ani daga dama zuwa hagu, hantsi kuma ya riske shi a lakwal yana bin Faransanci daga hagu zuwa dama, alhali bai san horo iri biyu yake yi wa idonsa ba. Domin ido tsalle yake yi bisa layi yana tsayawa, kowace tsayuwa kimanin rubu'in daƙiƙa, a cikinta kuwa yakan leƙa abin da ke tafe. Masanan Amurka, McConkie da Rayner, sun auna wannan a shekarun 1970, suka tarar mai karatun Turanci yana tsinkayar haruffa wajen 15 ta dama, amma 3 ko 4 kacal ta hagu. A 1981 aka gane cewa ga masu karatun Ibraniyanci al'amarin a juye yake, daga bisani aka ga haka ga Larabci.

Fa'idar wannan ilmi tana bayyana ne sa'ad da lalura ta sauka. Wanda hawan jini ya jawo wa shanyewar ɓarin jiki, idan illar ta taɓa sashen gani na hagun ƙwaƙwalwa, sai rabin ganinsa na dama ya ɗauke a idanu biyu, ko da su idanun lafiya lau suke; boko ya zame masa azaba, saboda kalmar da zai tarya tana cikin duhu, Larabci da ajami kuwa su zo masa da dama-dama, tun da wajen hasken yake tafiya. In hagu ne ya ɗauke, sai hukuncin ya juya.

Shi ya sa wasu likitoci suka jarraba kwantar da takarda, layi ya riƙa gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Ba shakka karatu yana nauyi a haka, amma bita tana rage nauyin, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, inda alaramma ke zaune fuska da fuska da almajiri yana karanta allonsa a kife.

Saboda haka, duk wanda dattijonsa ya ajiye Mus'hafi bayan irin wannan ciwo, kada ya tsaya ga sayen tabarau a kasuwa. Ya kai shi asibiti, Galmi ko Ƙonni, a duba faɗin ganinsa, ya kuma shaida wa likita da wane rubutu majinyacin yake karatu.